Jirgin Ruwa a Tafin Hannu: Tarihin Ƙera Ƙananan Jiragen Iska, Daga Misira Zuwa Ƙofar Durbi

Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum jam'in "wuri" ce. Shi kuwa wuri ba a Katsina ake samun sa ba, ba kuma a kogin Kwara ba. Akasarin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibs ya fito, can cikin Tekun Indiya. Jiragen Turawa masu tafiya da iska ne suke loda shi a can ƙasan cikinsu don ya yi musu nauyi kada iska ta kifar da su, su kai shi Turai, a sake zuba shi a ganguna a kawo gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda aka yi ta sayen bayi da shi. Daga nan fatake suka shigo da shi ta ƙasashen Yarbawa da Nufawa, har ya zama kuɗin ƙasar Hausa a ƙarni na 18. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500.

Kun ga ke nan, mutumin da aka haifa a Ƙofar Durbi, ko da bai taɓa ganin teku ba, tarihinsa ya haɗa hanya da jirgin iska. Wannan rubutu zai bi tarihin wata sana'a da ke kama da wasa, wato ƙera ɗan ƙaramin samfurin jirgin ruwa bisa ma'auni. A yau mutane da yawa a duniya suna yin ta ne don sha'awa, sai mutum ya shafe shekara yana ɗaura zare a jikin jirgin da bai fi kamu biyu ba. Amma a baya da ita aka adana ilimi, da ita aka tsara jirage, kuma daga cikinta aka fitar da wata ƙa'ida ta kimiyya da injiniyoyi ke aiki da ita har gobe.

Mene ne samfuri bisa ma'auni?

Bambancin samfuri da abin wasa guda ɗaya ne: awo. Idan aka ce samfuri yana kan ma'aunin 1:50, ana nufin kowane tsawo da ke jikin jirgin gaske an raba shi gida 50. Jirgi mai mita 50 zai dawo mita ɗaya. Jigon da ake rataya ƙyallen iska a jikinsa, in mita 30 ne, zai dawo santimita 60. Igiya, ƙofa, kaurin katako, duk da lamba ɗaya ake raba su. Da zarar ka raba wani sashe da 50, wani da 30 don ya fi kyau a ido, to ka bar samfuri ka koma ado.

Misira: jirage a cikin kabari

A watan Maris na 1920, wani mai haƙar kayan tarihi ɗan Amurka, Herbert Winlock, ya buɗe wani ɗan ɗaki da ɓarayi ba su gano ba a kabarin Meketre, kusa da Luksor ta yau. Meketre babban jami'in fada ne da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. A cikin ɗakin an sami samfura fiye da 20 na katako: rumbu, mahauta, ɗakin saƙa, wurin kafintoci, da jerin jiragen ruwa. An raba su tsakanin gidan tarihi na Alƙahira da na Metropolitan a New York.

Su Misirawan da, sun yi su ne bisa imaninsu cewa mamaci zai buƙaci kayan aiki bayan mutuwa. Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda suka kiyaye gaskiyar abin da suka kwaikwaya. Kogin Nilu yana gangarawa arewa ne, iska kuma galibi daga arewa take busowa. Saboda haka mai zuwa kudu sai ya ɗaga ƙyalle iska ta tura shi, mai zuwa arewa kuma ya kwantar da jigo ya bi ruwa da tuƙi. Haka jiragen Meketre suke: wani an shirya shi don tafiya da iska, wani da matuƙa a zaune. Da yawa daga abin da aka sani a yau game da yadda suke ɗaure igiyoyi da juya jirgi, daga irin waɗannan samfura da zanen bangon kaburbura aka koyo shi, domin jiragen gasken sun daɗe da ruɓewa.

Akwai guda ɗaya da bai ruɓe ba. A 1954 aka gano wani rami a gindin babbar dalar Giza, ciki da jirgin Fir'auna Khufu a wargaje, guntaye 1,224, yawancinsu katakon sida na Labanan. Babu ƙusa a jikinsa, da igiya ake ɗinke katakan. Babu kuma takardar da ta bayyana yadda za a haɗa. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Alhaji Ahmed Yusuf Mustafa, babban mai gyaran kayan tarihi na Misira. Ya riƙa zuwa wuraren masu ƙera jirage a bakin Nilu yana kallon aikinsu, sannan ya riƙa sassaƙa ƙananan samfuran guntayen yana gwada haɗa su a kan tebur kafin ya taɓa katakon da ya haura shekara 4,500. Aikin ya ci fiye da shekara goma. Jirgin da ya fito ya kai kusan mita 43, kuma a 2021 aka mayar da shi sabon babban gidan tarihin Misira da ke Giza. Wato a nan samfuri ne ya dawo da jirgin gaske.

Turai: daga fadar sarki zuwa gidan yari

A ranar 10 ga Agusta 1628, jirgin yaƙin Sweden mai suna Vasa ya tashi daga Stockholm a tafiyarsa ta farko, ɗauke da igwa 64. Bai yi fiye da mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo. Mutum kusan 30 suka mutu. Abin takaicin shi ne an gwada shi tun yana ɗaure: an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zuwa uku aka tsayar da su don jirgin na neman kifewa. Duk da haka aka sake shi, domin sarki Gustavus Adolphus na jiran sa a fagen yaƙi. Samansa ya yi nauyi, cikinsa kuma ba shi da zurfi da faɗin da zai ɗauki isasshen dutsen da zai danne shi. A zamanin babu lissafin da zai nuna haka kafin a sare itace. Maƙeri da gadon ubangidansa yake aiki, in ya ƙara girman jirgi ko yawan igwa, to sai dai a gani a ruwa. An ciro Vasa a 1961, yana nan a gidan tarihinsa a Stockholm.

Daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa na 18, maƙeran jiragen yaƙin Ingila suka shahara da wasu samfura masu tsananin kyau, galibi a kan ma'aunin 1:48, wato rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya. Sukan bar ƙasan jirgin babu rufi don a ga haƙarƙarinsa. Manyan jami'ai irin su Samuel Pepys sun tara su, kuma da yawa suna gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Wanda bai iya karanta zanen injiniya ba, in aka ajiye masa irin wannan a gabansa, nan take zai gane abin da ake magana.

Su kuwa maƙeran jiragen kasuwanci, musamman a ƙarni na 19 a Amurka da Birtaniya, wata dabara suka yi. Sai a jera allunan katako a manne su, a sassaƙa rabin jirgi kawai, tunda ɗaya rabin madubinsa ne. In siffar ta yi wa maƙeri, sai ya warware allunan, ya auna kowanne, ya ninka awon ya zana a ƙasa da girman gaske. Samfurin shi ne takardar zanen.

Sha'awar kuma ta samo wani tushe a wurin da ba a zata ba. A yaƙe-yaƙen Faransa da Birtaniya tsakanin 1793 da 1815, an tsare dubban fursunonin Faransa a wurare irin su Norman Cross, da aka buɗe a 1797, da Dartmoor, da aka buɗe a 1809. Da yawansu matuƙan jirgi ne ko masu sana'ar hannu. Sai suka riƙa tara ƙashin naman sa da na tunkiya da ake ba su a abinci, su dafa, su kankare, su yanka shi sirara kamar katako, su ƙera jiragen yaƙi da shi, igiyoyin kuma da zaren siliki ko gashi. Suna sayarwa a kasuwar gidan yari su sayi taba da ƙarin abinci. Babu zane a gabansu, daga ka suke yi, shi ya sa awon wasu bai cika daidai ba. Amma yau gidajen tarihi ne ke rububinsu. Duk mai cewa rashin kayan aiki ne ya hana shi, sai ya tuna da ƙashin miya.

William Froude: ranar da wasa ya zama kimiyya

Tambayar da ta daɗe tana damun maƙera ita ce: in na gwada ƙaramin jirgi a tafki, sakamakon zai gaya mini halin babban? Mutane da dama sun gwada, lissafi bai fito ba, har manyan injiniyoyi suka yanke cewa gwajin samfuri ɓata lokaci ne.

William Froude, injiniyan Ingila da aka haifa a 1810, wanda ya yi aiki da Isambard Kingdom Brunel, shi ya warware ƙullin. A 1867 ya ƙera siffofin jirgi biyu, ɗaya mai tsinin baki da ya kira Raven, ɗaya mai dunƙulallen baki da ya kira Swan. Kowanne ya yi shi girma uku: ƙafa 3, ƙafa 6 da ƙafa 12. Ya riƙa jan su a kogin Dart yana auna ƙarfin da ruwa ke turjewa da shi. Abin da ya lura shi ne, ƙarami da babba suna tayar da igiyar ruwa iri ɗaya, amma ba a gudu ɗaya ba. Sai an rage gudun ƙaramin da wani adadi na musamman.

Ga ƙa'idar a sauƙaƙe. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ma'aunin samfurinka, sai ka raba gudun jirgin gaske da ita. In samfurin 1:25 ne, lambar ita ce 5, domin 5 sau 5 shi ne 25. Jirgin da ke gudun kilomita 20 a awa, samfurinsa a kilomita 4 a awa za a ja shi. In 1:100 ne, a raba da 10. Wannan dangantaka tsakanin gudu da tsawo ita ake kira lambar Froude. Ya kuma raba turjiyar ruwa gida biyu: wadda ke zuwa daga tayar da igiyar ruwa, wadda ke bin ƙa'idar nan, da wadda ke zuwa daga gogayyar ruwa da jikin jirgi, wadda ake lissafa ta daban.

Hukumar jiragen yaƙin Birtaniya ta ba shi fam 2,000, ya gina doguwar kwatarniyar gwaji mai kusan mita 85 kusa da gidansa a Torquay, a farkon shekarun 1870. Da kakin kyandir yake yin samfuran, don in an gama a narkar a sake wani. Don a tabbatar, aka ja jirgin gaske mai suna Greyhound a teku aka auna turjiyarsa, aka gwama da ta samfurinsa na 1:16, lissafin ya yi kusa ƙwarai. Tun daga nan, manyan jiragen dakon mai da na kwantena da ke zuwa Apapa, irinsu akan gwada siffarsu a ƙaramin samfuri, ko da yake yanzu kwamfuta ta karɓi wani ɓangare na aikin.

Me ya sa ƙaramin jirgi ke saurin kifewa?

Wannan ita ce matsalar farko da mai sha'awa ke cin karo da ita. Ya ƙera jirgi daidai da awo, ya sa a ruwa, ɗan iska ya buso, sai ga shi a kwance. Ba laifin hannunsa ba ne, lissafi ne, kuma tun 1638 Galileo ya yi bayanin tushensa.

Mu ɗauki ma'aunin 1:50. Tsawo ya ragu sau 50. Faɗin ƙyallen iska, da yake tsawo ne sau faɗi, ya ragu sau 2,500. Nauyi kuwa, da yake ya haɗa tsawo da faɗi da zurfi, ya ragu sau 125,000. Wato jirgi mai tan 500 samfurinsa kilo 4 ne kacal.

Ƙarfin da ke karkata jirgi shi ne turin iska a kan ƙyalle, sau tsayin da turin yake daga ruwa. Na farko ya ragu sau 2,500, na biyu sau 50, jimla sau 125,000. Ƙarfin da ke miƙar da shi kuwa shi ne nauyinsa, sau ɗan nisan da ke tsakanin inda nauyi ke dannawa da inda ruwa ke ɗagawa. Na farko ya ragu sau 125,000, na biyu sau 50, jimla sau 6,250,000. To ka raba ka gani: mai miƙarwa ya fi mai karkatarwa raguwa har sau 50. Iskar fa ba ta san ka rage jirgi ba, tana nan yadda take. Iska mai gudun kilomita 10 a awa, wadda da ƙyar take kaɗa ganyen darbejiya, a wurin samfurin kamar guguwa ce mai kilomita 70. Shi ya sa masu ƙera samfurin da zai yi tafiya da gaske suke ƙara masa doguwar ƙafa a ƙarƙashi, su maƙala dalma a ƙarshenta, wadda babu ita a jirgin asali. Samfurin ajiyewa a kanta daban, na sakawa a ruwa daban.

Namu ɓangaren: Dufuna, Tafkin Chadi da Sawakin

Kada mai karatu ya ɗauka labarin jirgi na wasu ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka ciro shi: kwalekwale ne na itacen dangin maɗaci, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin jikinsa kusan santimita 5. Gwajin sinadarin kabon a ɗakunan bincike biyu na Jamus ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma yana cikin 'yan kaɗan mafiya tsufa a duniya. Ya girmi jirgin Khufu da fiye da shekara 3,000.

Ayarin da ya kawo Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850 da jirgin ruwa da aka ƙera a Malta, aka yanka shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma suka ƙetare Sahara da shi. Barth ya biyo ta Katsina a watan Janairun 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg shi ya sa aka haɗa jirgin a Borno, aka raɗa masa Lord Palmerston, ya zagaya tsibiran Buduma a Tafkin Chadi da shi a wannan shekarar. Wani yaro Bahaushe da Overweg ya 'yanta, Dorugu, ya bi Barth har Ingila a 1855, kuma labarin tafiyarsa da J. F. Schön ya rubuta daga bakinsa yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na boko.

Alhazanmu na ƙafa kuwa, waɗanda kan shafe shekaru a hanya ta Borno da Darfur, a Sawakin suke isa Bahar Maliya, kuma da yawansu a jiragen katako na Larabawa masu ƙyalle mai kusurwa uku suka ƙetare zuwa Jidda. Shi Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe sarautar Durbi kafin ya hau gadon Katsina a 1906, da ya tashi aikin Hajji a 1921 ta teku ya bi, ya biya ta Ingila, amma a jirgin tururi. A lokacin zamanin jirgin iska ya riga ya zo ƙarshe a manyan hanyoyin ciniki.

Labarin da ya fi dacewa da mai ƙera samfuri shi ne na Ra. A 1969 Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, ya so ya gwada ko jirgin ciyawar papirus irin na Misirawan da zai iya ƙetare Tekun Atlantika. Zanen kaburbura da ƙananan samfura su ne madogararsa. Da ya nemi waɗanda har yanzu suka iya ɗaure irin wannan jirgi, Tafkin Chadi ya zo ya ɗauki maƙera. A bayan dalar Giza suka ɗaure shi, mita 15, kuma ɗaya daga cikinsu, Abdullahi Jibrin, ya shiga cikin matuƙan. Sun tashi daga Safi a Maroko a watan Mayu. Sai dai a zanen Misirawa akwai wata igiya da ke tasowa daga ƙarshen wutsiyar jirgi mai lanƙwasa zuwa daɓensa. An ɗauka riƙe lanƙwasar kawai take yi, tunda wutsiyar ta tsaya da kanta sai aka cire ta. Ashe ita ke riƙe da bayan jirgin gaba ɗaya idan igiyar ruwa ta ɗaga shi. Bayan ya yi ta nutsewa a hankali, har suka bar jirgin bayan tafiyar kusan kilomita 5,000, saura kaɗan su kai. A 1970 aka sake ɗaure Ra II, wannan karon da maƙera daga Tafkin Titicaca na Kudancin Amurka, ya isa Barbados cikin kwana 57. Darasin a fili yake: abin da ka gani a jikin tsohon samfuri, kada ka cire shi don ba ka gane amfaninsa ba.

Abin da ya shafe mu a yau

A ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwalekwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Hukumomi sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima, kuma kusan kowace damina sai an ji irinsa a Kebbi, Neja ko Sakkwato. Kimiyyar da ke ciki ita ce dai ta Vasa. Jirgi yana nutsawa ne har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, kamar yadda Archimedes ya bayyana. Kowane ƙarin mutum yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. In mutane suka miƙe tsaye, cibiyar nauyi ta hau sama. In suka ruga gefe ɗaya don tsoro, ta koma gefe. In kuma ruwa ya riga ya shiga ciki, yana gangarawa duk inda jirgi ya karkata, ya ƙara masa karkata. Mu ma a jihar Katsina muna da Zobe, Jibiya da Ajiwa, kuma ana shiga kwalekwale. Yaron da ya taɓa ganin wannan da idonsa a cikin baho, ba sai an yi masa dogon wa'azi a bakin ruwa ba.

Hannun kuwa muna da shi. Duk wanda ya tashi a Katsina ya san motar kara da ta gwangwani da ta waya. Bayan girbi, yara a unguwanni irin su Ƙofar Durbi da ƙauyukan da ke bayan ganuwa sukan ɓare karan dawa, su yanka totuwar, su soke ta da siraran ɓawon, su fitar da mota har da ƙofa mai buɗewa, wani ma jirgin sama ko tabarau. Totuwa ba ta da nauyi, tana yankuwa da reza, tana karɓar tsinke ba tare da gam ba, kusan aikin da katakon balsa ke yi wa masu wannan sha'awa a ƙasashen waje. Abin da ya rage tsakanin motar kara da samfurin Froude shi ne rula da lissafin rabawa. Sau da yawa kuma a daidai shekarun da ya kamata a miƙa wa yaro rular ne ake ce masa ya girma, ya bar shiririta.

Ga mai son farawa

Ba sai ka fara da jirgi mai jigo uku da ɗaruruwan igiyoyi ba. Fara da na gida. Kwalekwalen Dufuna a ma'aunin 1:20 zai zama santimita 42 a tsawo, 2.5 a faɗi, kaurin jikinsa milimita 2.5. Guntun katako mai laushi daga wurin kafinta, wuƙa mai kaifi, sanfefa da rula sun isa. Zana siffar a takarda tukuna, daga sama da daga gefe, ka rubuta kowane awo kafin ka yanka. Za ka ga wahalar da ke cikin fafe katako har ya kai wannan sirantaka, sannan ka tuna su da gatarin dutse suka yi nasu.

In ka gama, cika baho da ruwa. Jera ƙananan ƙusoshi ko tsakuwa a ƙasan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa, kana sa alama inda ruwa ya kai. Sannan ka ɗora adadin nan a kan ɗan dandamali sama da bakinsa, ka ga a na nawa zai kife. Narka gishiri mai yawa a ruwan ka sake gwadawa, zai ɗan ƙara tasowa, domin ruwan gishiri ya fi nauyi: lita ɗaya ta ruwan teku kusan gram 1,025 ce, ta ruwan daɗi 1,000. Daga nan ka kafa masa jigo da tsinken tsire, ka ɗinka ƙyalle da guntun yadi, ka kunna fanka daga nesa. Zai kwanta. Sai ka maƙala masa nauyi a ƙarƙashi, kana ƙarawa kana rubutawa, har ya tsaya.

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare za su iya yin wannan duka a darasi biyu, ba tare da ɗakin gwaji ba, kuma a ciki akwai rabawa, akwai awo, akwai kimiyyar nauyi, akwai tarihin Yobe da na Borno. Sharaɗi ɗaya ne: a yi a baho a tsakar gida ko a filin makaranta, wuƙa da reza kuma a hannun babba. Kada a tura yara kududdufi gwajin jirgi, musamman da damina.